Baitin da Kawu Bai Yi wa Tahamisi Ba

Kawu ya rasu wata Laraba da damina, bayan ya yi sallar azahar a zaune. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Iyakar abin da masu ta'aziyya suka haɗu a kai ke nan. Sauran kuwa, kowa da irin mutumin da ya zo yi wa addu'a.

A cikin gida nake zaman makoki tare da mata, amma ba a tsakar gida na fi zama ba. Akwai wata shigifa a bayan zaurensa, ɗan soro mai duhu inda ake ajiye turmi da tsofaffin tabarmi, bango ɗaya ne tsakaninta da inda maza ke zama. Tun ina yarinya na gano cewa in mutum ya jingina da bangon ta wajen da ƙasa ta zaizaye, ba abin da za a faɗa a zaure bai shigo kunnensa ba. Can na koma na zauna, da girmana da 'ya'yana, ina jin maza suna ba da labarin Kawuna.

Wani malamin jami'a daga Kongo, reshen jami'ar da ke nan Zariya, wanda na san muryarsa tun yana ɗalibi, ya ce bai taɓa ganin mai tsanani a kan rubutu kamar marigayi ba. Ya ce, "In ana karanta abinka yana ɗinki, ka ga allurarsa ta tsaya, to ka shiga uku. Ka yi kuskure ke nan a wurin."

Bai rufe baki ba wani manomi daga ƙauye, mai kawo rake kasuwa, ya ce, "A'a, Malam, ka yi mini aikin gafara. In allura ta tsaya, daɗi ya ji. Ai a kan waƙata ta sha tsayawa." Yana faɗin haka kuka ya ƙwace masa.

Shi kuwa aminin Kawu, tsohon magatakardan kotu, wanda ko a gidan mutuwa ba ya barin magana ta wuce shi, cewa ya yi, "Duk cikinku ba wanda ya san shi. Zare ne ke ƙare masa."

Aka yi 'yar dariya, aka yi maza aka rufe ta da salati. Ni ban yi dariya ba, kaina ne ya ɗaure. Na daɗe ina riƙe da tawa fassarar ta tsayawar wannan allura, kuma a kanta na daina rubuta waƙa tun ina budurwa. Ga shi ranar da ba sauran wanda zan tambaya, sai nake jin cewa wataƙila ba haka ba ne. Wannan rubutu na fara shi ne don kada a manta da Kawu, amma gara in faɗa tun yanzu: ban tabbata ni ma na san shi ba.

Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifina ya rasu, Iya ta dawo da ni gidansa a cikin birnin Zariya, can ƙasa da Ƙofar Kuyambana, a nan na girma. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da kuwa faɗa zai yi mini. Sana'arsa ɗinkin babbar riga ne, aikin hannu. Adon aska takwas da yake yi wa riga har daga Kano ake zuwa nema, shi kuwa ba ya sauri don kowa. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma akwai ɗan gibi a saman kunnensa na hagu. Na sha tambayarsa abin da ya same shi a wurin. Wata rana ya ce ƙyaure ne, wata rana ya ce akuya, wata rana kuma ya ce haka aka haife shi, shi ma bai ji daɗi ba.

Ban da ɗinki, abin da aka san shi da shi zaman Alhamis ne. Duk Alhamis bayan la'asar a share zaure, a shimfiɗa tabarmi. Mutanen ba su da yawa: magatakarda, wasu 'yan kasuwa na unguwa, ɗalibai daga Kongo, wani akawu daga Gyallesu mai zuwa da kekensa, sai wanda Allah ya jefo. Da tsohuwar waƙa ake farawa, ba a taɓa saɓawa ba. Kawu zai jawo gafakarsa ta fata ya zaro takardun ajami da suka yi ja don tsufa, waƙoƙin malaman da suka shuɗe, na wa'azi da na yabon Annabi da na tunawa da kabari. Takardar a gabansa take, amma ba ya dubawa. Mutum ne da in aka rera waƙa sau biyu a gabansa, ta zauna ke nan. Muryarsa ba ta da wani zaƙi, tana da ɗan kaushi ma, amma in ya kama waƙar kabari, matan cikin gida su kan ajiye taɓarya.

A wurinsa na fara jin kalmar tahamisi. Wani ɗalibi ne ya tambayi dalilin da ya sa wata tsohuwar waƙa take zuwa iri biyu, gajera da doguwa. Kawu ya ce asalinta ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu. Bayan zamani wani malami ya zo ya ɗora wa kowane baiti ɗango uku a gabansa, ya zama biyar, bai taɓa ko harafi na mai ita ba. Ya ce, "Shi ne tahamisi. Ba a yi wa waƙa shi sai an ga ta isa. Babu girman da mai waƙa zai yi wa ɗan'uwansa da ya wuce wannan."

Ɗalibin ya ce, "Malam, kai ka taɓa yi wa wata?"

Ya ce, "Ni ɗinki na iya."

In an gama da tsohuwa sai a shiga sababbi, kuma a nan dokarsa take. Duk wanda ya kawo abin da ya rubuta, ba shi zai karanta ba; wani za a miƙa wa. Kawu ya kan ce mai rubutu ya san inda ramukansa suke, zai tsallake su da murya. "Bari mu ji ta a bakin wanda bai san hanya ba." Mai abin kuwa, kafin a fara, Kawu zai ɓare goro ya ba shi, ya ce ya jefa a baki. Muddin goron nan na bakinsa ba shi da izinin cewa uffan, ko an yaba ko an kushe, ko an karanta masa ba daidai ba. Na sha jin manyan maza suna gurnani ta hanci a bayan goro. Kowa zai faɗi ra'ayinsa, Kawu na ta ɗinkinsa. Daga shigifa ba na ganin allurar, amma ina jin ƙarar zare yana ratsa yadi, kuma ina jin lokacin da ya tsaya. In an gama shi ma zai faɗi tasa, jimla ɗaya tak, wadda sau da yawa ba ka sanin ko yabo ce ko akasinsa.

Manomin nan mai rake, wanda ya yi kuka ranar makoki, ruwan sama ne ya fara koro shi cikin zauren. Ya zauna ya saurara, wata Alhamis sai ga shi da waƙa a 'yar takarda, da ajaminsa na makarantar allo. Jakinsa ne ya mutu, ya yi masa waƙa. Ɗalibin da aka ba karatun bai kai baiti na uku ba dariya ta ci ƙarfinsa, sauran suka taya shi. Manomin na zaune da goro a baki, ba halin magana. Sai na ji zare ya tsaya. Kawu ya karɓi takardar ya rera ta da kansa, da irin karin da yake rera waƙar kabari, a hankali, har ƙarshe. Dariya ta mutu tun a tsakiya. Da ya gama ya ce, "Jakin nan ya yi maka biyayya." Abin da ya faɗa ke nan. Mutumin ya koma ƙauye yana gaya wa kowa cewa wani malami a birni ya shaide shi mawaƙi ne, kuma bai daina kawo wa Kawu rake ba har Kawu ya zama ba shi da haƙoran sha.

Rigimar da na san ya yi mai tsawo ɗaya ce, da amininsa magatakarda. Lokacin nan ne littattafan soyayya suka fara cika kasuwa, matasa kowa ya kama rubuta labari. Akawun Gyallesu ya zo da nasa, an buga da keken rubutu na ofis. Magatakarda ya ce atafau ba za a rera wa'azin malamai sannan a shimfiɗa ƙarya a kan tabarma ɗaya ba. Kawu ya ce ai mai labarin bai ce ya faru ba. Magatakarda ya ɗauki buzunsa ya fita, ya ce shi da zauren nan har abada. Har abadan nan nasa bai wuce ƙofar gidan da ke kallon namu ba, can ya koma yana shimfiɗa buzu duk Alhamis, wai shan iska yake. Kawu kuwa sai ya umarci mai karatu ya riƙa ɗaga murya. Aka yi makonni ana karanta labarin kashi-kashi. Ranar da aka zo inda saurayin cikin labarin ya yi wa budurwarsa alkawarin zai dawo bayan salla, sai muka ji murya daga tsallaken lungu: "Ƙarya yake, kada ta yarda." Alhamis ta gaba buzu ya dawo mazauninsa, ba wanda ya tayar da maganar.

Ni ma labari na fara rubutawa, ina kwalejin horon malamai. Na daɗe ina ɓoyewa, sai wata rana na yi ƙarfin hali na ajiye masa a kan kwandon zarensa. Ba ya karanta boko sosai, kuma mace ba ta shiga zauren maza. Na zaci a nan abin zai tsaya. Alhamis na yi ina shigifa sai na ji ya ce, "Wani ya aiko da wannan, ba ya son a faɗi sunansa." Kafin in gama firgita sai ga Inna, matarsa, ta leƙo da rabin goro a tafin hannu. Ta ce, "Ya ce a gaya miki dokar ta shafi har na bayan bango."

Haka muka yi shekaru. Na ji abin da ban taɓa tsammanin zan jure ba. Sun ce labarina ya cika surutu, sun ce mutanen ciki ba sa cin abinci. Malamin nan na Kongo, yana ɗalibi a lokacin, ya taɓa cewa, "Ko wane ne mai rubutun nan, a gaya masa bai san mata ba ko kaɗan." Saura kaɗan goro ya sarƙe ni. Da dare ya yi ana cin tuwo, Kawu ya dube ni ya ce, "Uwata, an ce ki nemi mata ki yi hira da su." Na yi fushi na kwana biyu, sannan na koma na gyara labarin, don a wani wurin sun yi gaskiya.

Ina shekarar farko da fara koyarwa Iya ta rasu. Ciwon bai ja lokaci ba. Na kasa rubuta labari, sai waƙa ta zo mini, ƙwar biyu, irin tsofaffin da na tashi ina ji ta bango. Na zuba mata duk abin da nake da shi. Ga yadda ta fara:

Na leƙa ɗaki, tabarmarki na nan,
Ke ce kaɗai babu, kin yi tafiya.

Ta ƙare kuma da wannan:

Saura guda wanda ya san ƙuruciyarki,
Ran da ya bi ki, wa zan yi wa tambaya?

Magatakarda aka ba ya rera. Ina shigifa da goro a baki. Tun a baitin farko zare ya tsaya, kuma bai sake motsi ba. Aka rera ta sau biyu kamar yadda aka saba yi wa waƙa. Da aka gama, zauren ya yi tsit. Ina jin a ranar kowa ya gane wane ne wanin da ke aiko da rubutu. Ana ta jiran Kawu. Can ya ce, "Baitin ƙarshe yana ɗingishi." Sai ya ce a shafa fatiha, alhali rana ba ta ko yi sanyi ba.

Na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Mahaifiyata ce, ƙanwarsa ce, kuma abin da ya samu ya faɗa ke nan. Duk da haka na daure na same shi washegari yana ɗinki a tsakar gida. Na ce, "Kawu, ina ɗingishin yake?"

Ya ce, "Uwata, miƙo mini almakashi."

Na miƙa masa, na tsaya. Ya yanke zare, ya sake zura wani, kamar ba ni a wurin. Na koma na juya baitin nan ta kowace fuska, na rage, na ƙara, na sauya kalma. Duk wanda na kawo masa sai ya ce, "Ba wannan ba." Ranar da na ce to in cire shi gaba ɗaya, sai ya ɗago kai da sauri ya ce, "Kada ki taɓa shi." Baiti yana ɗingishi, gyara bai yi ba, cirewa bai yi ba. Na rasa inda zan sa kaina. A ƙarshe na yanke wa kaina hukunci cewa waƙar ce duka ba ta yi ba, tausayina ya ji ya ɗora laifin a kan baiti ɗaya, kuma allurar da ta tsaya tun farko ita ce ainihin ra'ayinsa. Na naɗe takardar, ban sake rubuta waƙa ba.

Ba wai mun ɓata ba ne. Na yi aure na koma Tudun Jukun, ina koyarwa a wata firamare, kuma duk Alhamis da na samu hali ina shiga birni. Da idonsa ya fara rauni, zaman ya ragu, ni ce nake zama kusa da shi a tsakar gida ina karanta masa tsofaffin takardun, tunda shi ne ya koya mini ajami. Ba don ya manta ba. Ya ce yana son jin su a bakin wani. In na tashi tafiya ya kan ce, "Uwata, ba sabo?" In ce, "Babu, Kawu." Sai ya ce, "To." Na auna wannan "to" ɗin a raina ya fi a ƙirga. Wata rana in ji kamar takaici ne, wata rana in ji kamar hamdala yake yi an raba shi da wahala. Haka muka tafi har tsakiyar shekarun casa'in, har wannan Larabar.

Bayan sadakar bakwai mutane suka ja baya, gida ya yi faɗi. Na ci gaba da zuwa ina taya Inna zama, tana takaba. Inna ba ta karatu, ba boko ba ajami, amma duk waƙar da aka rera a gidan nan tana kanta, a gefen murhu ta kwashe su. Wata rana da hantsi muna zaune a ƙofar ɗakinta muna tsinke zogale, an yi ruwa da asuba, indararo na ɗiga. Sai na ji tana ƙunƙuni da wani kari a hankali, irin na wanda bai san yana yi ba. Ban kula ba sai da na ji "tabarmarki na nan". Na ajiye zogalen.

Na ce, "Inna, me kike rerawa?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ya ce kada in faɗa miki sai ya gama. To ga shi Allah bai nufa ba. Ban sani ba ko na yi laifi."

Na ce ta faro mini daga farko. Ta gyara mayafinta ta fara:

Ƙanwata ce, mun tashi gidan nan,
Ni na goya ta a ƙofar zauren nan,
Ni na sa ta a kabari da hannun nan,
Na leƙa ɗaki, tabarmarki na nan,
Ke ce kaɗai babu, kin yi tafiya.

Na ƙirga ɗangon da yatsuna kamar 'yar aji ɗaya. Biyar. Uku nasa, biyu nawa, bai taɓa ko harafi ba. Mutumin da ya ce shi ɗinki ya iya, ya yi wa waƙata tahamisi, abin da na ji da kunnena ya ce ba a yi wa waƙa sai ta isa. Ban yi kuka ba a lokacin, na kasa. Kallon Inna kawai nake yi.

Ta ci gaba. Akwai wani baiti a tsakiya inda na yabi haƙurin Iya. Da Inna ta zo wurin sai na ga bakinta yana son yin murmushi:

Kunnena na hagu bai mance ba,
Cizon da ta yi kan rake bai goge ba,
'Yarta ke yabo, ba ta gani ba:
Ba ki da faɗa, ba ki ɗaga murya ba,
Kowa ya shaide ki da sanyin zuciya.

Ashe ba ƙyaure ba ne, ba akuya ba. Iyata ce, mai sanyin zuciya, ta gutsure wa yayanta kunne a kan guntun rake tana 'yar ƙarama. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo bayanta, na rasa wanne zan yi.

Haka waƙar ta tafi baiti bayan baiti. Duk inda na faɗi abin da na sani game da Iya, shi ya ɗora abin da ban sani ba. Yadda take tsoron kwaɗi. Ranar da ta ɓace a kasuwa aka same ta tana barci a rumfar masu tukwane. Yadda ta ƙi cin abinci da aka yanka ɗan ragon da take kiwo. Sunan da babansu ke tsokanarta da shi. Duk ƙuruciyar da na ce ba wanda zan tambaya in ya tafi, ya ɗinke ta a jikin waƙata, yana rerawa da safe in yana aiki, har ta zauna a kan Inna.

Ta zo baitin ƙarshe ta rera shi yadda na rubuta, ɗango biyu, ba ƙari. Nan ta tsaya.

Na ce, "Nasa fa?"

Ta ce, "Babu. Nan yake tsayawa kullum."

"Ya ce miki ɗingishi yake yi?"

"Ni bai taɓa ce mini haka ba."

Da yamma na samu magatakarda a ƙofar zaure, inda ya ci gaba da zuwa yana zama shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko ya tuna baitin. Ya tuna. Ya rera shi yana buga yatsa a gwiwa, ya sake. Ya ce, "Gaskiya ɗangon farko ya ɗan yi tsawo, 'yata. Yana ɗingishi."  Sai kuma ya ce, "Amma na ji ya rera waɗanda suka fi shi gurgunta bai ce komai ba. Har ta jaki ya rera." Na ce to mene ne gaskiyar? Ya daɗe yana kallon buzun Kawu da ke rataye. Ya ce, "Tun muna yara nake tare da shi. Ban sani ba."

Ni ma ban sani ba. Ban san me ya hana shi ya kira ni ya ce, Uwata, waƙarki ta yi. Jimla ɗaya ce, kuma shi gwanin jimla ɗaya ne. Ban sani ba ko jira yake in gane da kaina, ko kunya ce irin ta mutanen da, ko kuwa ya zaci na sani. In na tuna shekarun da na yi ba waƙa sai in ji haushinsa, haushi na gaske, sai kuma in tuna yana zaune da rabin ido yana ɗora ɗango a kan ɗangona, in rasa inda zan ajiye haushin. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da ƙanwarsa inda ba a rabuwa. In sun haɗu, ta bar masa ɗaya kunnen.

Washegari na dawo da hantsi. Na sake tambayar Inna, don abin ya ƙi barina. Na ce, "In ya zo baitin ƙarshen nan, me yake yi? Shiru kawai?"

Ta ce, "Allura yake sokewa a jikin riga. Sai ya ce in miƙo masa goro."

"Kullum?"

"Kullum. Na ce masa, Malam, ka ƙarasa mana yarinyar nan ta ji. Sai ya nuna mini bakinsa, wai ba halin magana."

Tana faɗin haka hannunta ya tafi da kansa cikin ɗan kwanon da ke gefenta. Ta ɓare goro, ta miƙa rabi wajen bakin rijiyar tsakar gida inda Kawu ya saba zama. Hannun ya tsaya a iska. Ta daɗe a haka, sannan ta juyo a hankali ta sa mini shi a tafin hannu, don ba ta san inda za ta kai shi ba.

Na dubi goron. A gidan nan duk wanda aka ba shi, shiru aka ce ya yi, kuma ni na yi nawa shirun har ya yi yawa. Na ajiye shi a kan tabarma. Na buɗe jakata na ɗauko biron da nake duba aikin yara da shi, na ce, "Inna, faro mini daga farko. A hankali."